Sake Jinginar Gida Da Maganar Haraji

Tun da rance ya yi tsada, ma'aikata da yawa a Kafanchan da kewayenta, har da mu nan Madakiya, suka shiga wata dabara: mutum ya ci bashi ya gina gida, kafin ya gama biya sai ya sake jinginar da gidan ya karɓi sabon bashi, ya biya ragowar na farko, abin da ya saura ya sa aljihu. Tambayar da na fi ji daga bakin malaman makaranta da ma'aikatan jinya ita ce, shin hukuma za ta yanki haraji a kan waɗannan kuɗi?

Amsa a nan mai sauƙi ce. Bashi ba riba ba ne, ba kuma albashi ba ne, abu ne da za a mayar wa mai shi, saboda haka babu haraji a kansa. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen kuɗin ruwa.

Dokar harajin kuɗin shiga ta 1993 ta yarda a cire ruwan bashin da mutum ya ci don gina gidan da shi kansa yake zaune a ciki, kafin a lissafa masa haraji. Sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025, wadda aka ajiye wa 1 ga Janairu 2026 ranar fara aiki, ta bar wannan sassauci yadda yake. To, amma mai karatu ya lura, doka ba ta duba abin da aka jinginar ba, abin da aka yi da kuɗin take dubawa. Alal misali, mutum ya karɓi Naira miliyan 6, ya biya tsohon bashin gini da miliyan 4, ya kai sauran miliyan 2 wajen kuɗin makarantar 'ya'ya ko hidimar biki. A fahimtata, ruwan miliyan 4 ɗin nan ne kaɗai yake da bakin neman a cire masa, domin shi ne ya gaji bashin gini. In kuwa gonar citta ya zuba ragowar, wannan jarin sana'a ne, lissafinsa yana wajen ribar gonar. Waɗanda suka yi haka a 2023, shekarar da cuta ta cinye citta a Kachia da Jaba da Kagarko, sun tashi ba amfani, ga banki riƙe da takardar gida.

Ko a Amurka, inda wannan harka ta zama ruwan dare, tun daga 2018 ba a cire ruwan irin wannan ƙarin bashi sai in a gidan aka kashe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne wa wannan sassauci yake kaiwa gare shi. Banki ba ya karɓar jingina sai da takardar mallaka, Dokar Filaye ta 1978 kuma ta ce sai da amincewar Gwamna. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, mai ba da rance a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, ya fi sanin mai albashi. Mu kuwa yawancin gidajenmu da bulo ɗaiɗai aka tayar da su, daga adashi da kuɗin kaka, a filin gado wanda shaidarsa dattawan unguwa ne kawai. Mai irin wannan gida in ya ranta wajen ɗan'uwa ko ƙungiyar gama kai ya yi rufi, ba ya da takardar da zai nuna wa hukumar haraji ta Jihar Kaduna. Ɗan haya ma ya fi shi gata, tun da sabuwar doka ta yarda a cire masa kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara, har zuwa Naira dubu 500.

Wanda duk ya yi niyyar sake jingina, ya nemi banki ya rubuta masa a fili nawa aka biya tsohon bashi da shi, nawa aka miƙa masa a hannu, ya kuma adana rasit na siminti da kwano, gama ranar da ya je neman sassauci su jami'in haraji zai ce ya kawo.