Sawun Auta Daga Ikara Zuwa Hunƙuyi

Kafin liman ya ta da kabbarar sallar gawa, akan yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya nemi danginsa. An yi wannan shela ranar da muka kai autanmu makwancinsa a Zariya, bayan gajeriyar jinya, amma ba wanda ya fito. Inna ta ce ba abin mamaki ba ne, masu binsa ba a birni suke ba. Yaron da ko hutun kwana biyu ya samu sai ya ɗaure takalman ƙwallo a bayan babur ya nufi ƙauye, bashinsa yana can inda yake yini. Bayan sadakar arba'in ta ce in bi sawunsa, in yi wa dangi bangajiyar zuwa ta'aziyya, in biya duk abin da na tarar.

Amininsa ne ya yi min jagora, mai tsaron ragar ƙungiyarsu, wanda kowa ke kira Gola. Muka kama titin Kano da sassafe, hazon hunturu ya rufe gonakin da aka riga aka girbe, sannan muka ratse muka nufi Ikara.

Ikara ƙasar tumatir ce. Tun farkon shekarun 1980 aka kafa masana'antar sarrafa shi a garin, kuma da rani duk fadamar da ka duba ruwa ne ke gudu a kwami. Gwaggo ta tarbe mu da fura.

"Ya haƙuri, ɗan nan?"

"Haƙuri da godiya, Gwaggo. Ya gajiyar zuwa?"

Ta yi shiru tana juya ludayi, sannan ta kawo zancen 2016, shekarar da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Mijinta ya wayi gari gonarsa kamar an bi ta da wuta. Auta yana ɗan sakandare a lokacin. Ya tattaro abokan ƙwallonsa suka tuge mataccen shukan, suka gyara wurin, ladansu tuwo da miyar kuka. Ta ce tun daga nan yake saya wa tsohon maganin hawan jini duk wata, ya ce wai ni na aiko. Na ce mata ban taɓa aikowa ba. Ta ce ta sani, ƙyale shi kawai take yi.

Bashin Ikara na mai faci ne, tayar babur da wata ƙwallo da ƙaya ta huda. Mutumin ya karɓi kuɗin taya, ya ce na ƙwallo ya yafe, domin 'ya'yansa ne suka fi buga ta.

Daga nan sai Maƙarfi, ta Tashar Yari. Tun kafin ka shiga gari rake ke sanar da kai inda ka zo: dami-dami a jingine bakin hanya, manyan motoci ana loda musu zuwa garuruwa masu nisa. Baƙo yakan san garin da Ahmed Mohammed Maƙarfi, gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007, ko da kwalejin koyon aikin lafiya ta Shehu Idris. Auta kuwa wurin masu mazarƙwaila ya sani, inda Kawu yake aiki. Nan muka sami Kawun. Doki yana zagaye yana juya injin matsa, yaro yana cusa rake, ruwan yana tsiyaya a tukunya. A gefe ana tafasa shi a faffaɗan kasko, da busasshiyar tuƙar raken ake iza wutar, in ya yi kauri a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare.

Kawu bai bar motsa kaskon ba yana magana.

"Ɗan'uwanka ya iya tsayuwa a kan wutar nan. Amma da ya ji kalangu, shike nan, sai gobe."

Bayan kaka ne lokacin dambe, kuma Auta ba ya bari a yi turmi uku ba shi a fage. Bai taɓa naɗa zare ba, Inna ta hana. Ɗan kallo ne mai ihu, kuma ɗan Arewa ne ko da wa ake karawa, Kudu ko Guramaɗa. Da asuba kuma sai ya bi matasa farauta da gora da karnuka. Kawu ya yi dariya ya ce a iya saninsa fakara ɗaya ya taɓa kawowa gida, ita ma kare ne ya kama. Yawon dajin ne ke kai shi, da hirar da ake yi a gindin ɗorawa in rana ta take.

A Maƙarfi bashin ya fi nauyi. Ya karɓi jesi saiti guda a wurin wani mai shago don yaran unguwar Kawu, ya biya rabi. Mai shagon ya buɗe littafi, ya nuna min rubutun hannun Auta da ranar da ya yi alkawarin cikawa. Ranar ta faɗo yana kwance. Na biya, aka soke.

Kudan ce zangon ƙarshe. Hedikwatar ƙaramar hukumar tana Hunƙuyi, kuma can ne filin da ya fi so, filin makarantar firamare mai jar ƙasa, da turakun raga na itace. Gola ya nuna min gidan kallon ƙwallo inda suka ga Ahmed Musa ya ci Iceland biyu a gasar kofin duniya ta 2018. Auta ya yi tsalle ya karya benci, ya shafe mako yana kai wa kafinta kuɗi kaɗan-kaɗan. Mai shayin ƙofar gidan kallon ya ce yana binsa na shayi da burodi, amma ba Auta ya ci ba, yaran da ke zuwa atisaye ba su karya ba yake turowa. Na biya wannan ma, na ce ya ci gaba da ba su, ya riƙa rubutawa da sunana.

Da la'asar suka buga wasan sada zumunci da wata ƙungiya daga Likoro. Kafin rafali ya hura usur suka tsaya a tsakiyar fili aka yi masa addu'a: Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan, ya kyautata namu zuwan. An ci su biyu da ɗaya, kuma ta gefen da Auta ke tsarewa aka shigo duka biyun. Gola ya fito yana kakkaɓe ƙura.

"Yaya, ka ga aikin da ya bar mana."

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A gidanmu ƙafar ta Auta ce. Mu da ke Kaduna da Kano muna aika gaisuwa ta waya, shi ne yake zuwa ya zauna a tabarma, ya san wanda ke ciwo da wanda gonarsa ta ƙi. Ƙwallo da farauta da dambe su ne dalilin da yake bayarwa in zai fita, amma ba ya dawowa bai shiga gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ba.

A hanyar komawa Zariya Gola ya lissafa min abin da ke gaba: ɗaurin auren ɗiyar Gwaggo a Paki bayan ƙaramar salla, sunan jikan Kawu a Gimi in matar ɗansa ta sauka, da maganin tsohon Ikara da zai ƙare ƙarshen wata. Na sa ya tsayar da babur na rubuta su duka. Maganin ne ya fi kusa, kuma da kaina zan kai.