Takardar Da Baba Ya Sa Wa Hannu

Yau na ɗan ajiye labarin da muke bi, domin in ba ku wani na gidanmu na Ƙofar Jatau cikin birnin Zazzau, wanda na yi shekara ashirin da wani abu ina ɗauke da shi a zuci.

Mahaifinmu ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri ta Kaduna. Tun kafin a haife ni yake can, sai ranar Asabar yake shigowa Zariya da 'yar jakarsa da burodi, mu yara mu ruga mu tarbe shi tun daga bakin ganuwa. A unguwarmu kuwa ana ganinsa da daraja, don mai albashi ne, kuma duk sallah sai ya kawo wa Inna turmin atamfa, yana cewa da hannunsa ta bi.

A shekarar 1999, shekarar da na gama sakandare, sai ga Baba ya dawo ranar Laraba. Gaban Inna ya faɗi, don bai taɓa yin haka ba. Bayan sallar isha'i ina kwance a rumfa na ji yana gaya mata an kafa sanarwa a wurin aiki, cewa duk wanda ya yarda ya ajiye aiki don raɗin kansa za a biya shi kuɗin sallama nan take, wanda ya zauna kuma ya jira abin da Allah zai yi. Inna ta ce, "To Malam, kai me ka gani?" Ya yi shiru, can ya ce, "Injin goma nake kula da su a da, yanzu huɗu ke motsi." Ta ce, "Karɓi naka, Malam, kada a zo ana da-na-sani."

Ya sa hannu. Ni kuwa wallahi na ji haushinsa, don burina in shiga Jami'ar Ahmadu Bello, sai ga shi kuɗin sallamar sun tafi wajen gyaran soro, da injin markaɗe, da babur ɗin da yayana ya shiga acaɓa da shi. Maganar karatuna ta mutu, aka yi mini aure. Na daɗe ina ganin kamar ragwanta ce ta sa mutum mai lafiya ya bar aikinsa.

Sai da na girma na gane abin da ya gani. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ita ce ta share fage, sauran suka biyo baya, audugar Funtuwa da Gusau da ƙasar Zazzau tana ciyar da su. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta karye, kayan gyaran inji da rini da ake sayowa waje suka yi tsada, aka kuma rushe hukumar da ke sayen auduga. Ga rashin wutar NEPA, ga tsadar baƙin mai. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Daga nan atamfar Sin mai araha ta cika Kantin Kwari, wata ta kan hanya, wata ta sumoga. A 2002 Kaduna Textiles ta tsaya, a 2007 aka rufe UNTL, dubban magidanta suka koma gida.

Baba yana da wani amini da suka fara aiki rana ɗaya. Shi ya ƙi sa hannu, ya ce ai masaƙa ba ta mutuwa tunda mutane ba za su daina sa tufafi ba. Allah Sarki, wata safiya ya je ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ya yi shekaru yana yawo da fayil ɗinsa neman haƙƙinsa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai karɓi ko kwabo ba. Ranar da muka je gaisuwa na ga 'ya'yansa, kunya ta kama ni kan fushin da na yi.

Amma kada mai karatu ya zaci Baba ya tsira da komai. Cikinmu bai kwana da yunwa ba, sai dai har ya rasu, duk asuba yakan yi shiri tsaf kamar mai tafiya aiki, sannan ya zauna a dakali yana sauraron rediyo. Lokacin da zan aurar da ƙanwata na kawo atamfofi daga Kwari ya sa albarka, ya murza bakin ɗaya da yatsa, ya ce, "Uwata, zanen namu ne, saƙar ce ba tamu ba." Bai ƙara cewa komai ba.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne, ni ma ya zo kaina. Da littafina ya fito 'yan kasuwar Kano ke rububinsa, yanzu kowa a waya yake karatu, na bar buga takarda ba don ina so ba. Babu wanda ya kore ni, kamar yadda babu wanda ya kori Baba. Sai yanzu na san nauyin biron da ya riƙe ranar nan.

Ban samu na roƙi gafararsa yana raye ba, shi ya sa na rubuta wannan. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, tare da sauran ma'aikatan Kakuri da suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu da rahama, amin. Mako mai zuwa in sha Allahu za mu ci gaba da labarinmu daga inda muka tsaya.