Hular Hana-Salla A Garin Keffi

Baƙon da ya sauka a Keffi, garin Abdu Zanga, ba zai rasa ganin samari da 'yan acaɓa sanye da hular hana-salla mai harufan NY ba. Wannan alama ta ƙungiyar Yankees ce ta birnin New York a Amurka, masu wasan besbol, inda ake bugun ƙwallo da kulki. Ƙungiyar ta soma wasa a birnin a 1903, shekara guda bayan Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a nan Keffi, kuma ta ci kofin zakaru sau 27. Tun 1993 kamfanin New Era kaɗai ke ɗinka hular da 'yan wasan ke sawa a fili. Saboda haka mai saye ya duba da kyau, domin jabu ta yi yawa a kasuwa.