Wasiƙa Daga Kansas

Yaya,

Ka tambaye ni ko Amurka duk dogayen benaye ce kamar yadda ake nunawa a talabijin. To, bari ka ji labarin Nikodimus.

Ƙauye ne a arewa maso yammacin jihar Kansas, cikin wani fili mai faɗin gaske. Duk inda ka juya ciyawa ce da gonakin alkama, ga iska ba dare ba rana. Itatuwa kuwa sai ka gangara bakin kogin Solomon. Baƙaƙen fata ne suka kafa shi a 1877, yawancinsu 'yantattun bayi daga Kentucky, saboda dokar da ta ce wanda ya zauna ya noma eka 160 shekara biyar, gona ta zama tasa. Da suka iso ba katako, ba kuɗin sayensa, sai suka haƙa ramuka suka rufe da hoge da ciyawa, a ciki suka ci sanyin farko. An ce mai tahowa daga nesa hayaƙi kawai yake hangowa yana fitowa daga ƙasa.

Da haƙuri gari ya tashi, har da makaranta da otal da banki da jaridu. Wani ɗan garin, Edward McCabe, aka zaɓe shi mai binciken kuɗin jihar a 1882.

Jirgin ƙasa ne ya karya su. Sun sa rai dogo zai ratsa ta wurinsu, sai a 1888 aka shimfiɗa shi ta ƙetaren kogi, wani gari mai suna Bogue ya tsiro a can. 'Yan kasuwa suka kwashe komatsansu suka bi, ba na kuma ganin laifinsu: wa zai zauna ya yi ta jan buhunan alkama a amalanke?

Yau mazauna ba su kai talatin ba. Zauren taron da suka gina da farin dutse a 1939 yana nan tsaye, kuma tun 1996 gwamnatin tarayya ke kula da wurin a matsayin na tarihi. Abin da ya fi burge ni shi ne jikoki ba su yar da garin ba. Kowane ƙarshen Yuli sukan dawo daga birane masu nisa don bikin 'yanci, a yi fareti, a gasa nama, a nuna wa yara kaburburan kakanni. Ranar ko wurin ajiye mota wuya yake yi.

Ka gaishe min da Inna, ka ce mata yajin da ta aiko ya iso.

Ƙaninka.