Nauyin iska

In aka ɗaga tayar keke ta baya daga ƙasa, yaro ɗan shekara biyar ma yana juya feda da hannu ɗaya. Duk mai gyaran keke a kasuwar Illela ya san haka, amma bai dame shi ba. Wanda abin ya dama shi ne irina, malamin da ya ba arba'in baya, wanda likita ya ce wa hawan jini ya fara leƙo shi, sai ya riƙa motsa jiki rabin awa kullum har zufa ta keto.

Hanya tana nan, ba a ɗauke ta ba. Sai dai lokacin da malami ke da shi, bayan aji da gyaran takardun ɗalibai, bayan magariba ne, kuma ba ni sha'awar gogayya da manyan motoci cikin duhu da fitilar keke. Don haka na sa mai walda ya ƙera mini magirki irin na Turawa: ƙafafun ƙarfe masu riƙe gindin keke, da ɗan gangaren ƙarfe da taya ke murzawa. (Faransawa, duk da kishin harshensu, sunan wannan abu da kalmomin Ingilishi suka haɗa shi.) Aikin ya yi kyau. Aibinsa ɗaya: ba nauyi. Ƙafa na ta wulwulawa kamar mazari, numfashi ko gezau.

Me hanya ke ba mahayi wanda ɗaki ya hana shi? Mutanen Adar za su ce tudu da rairayi, kuma sun yi gaskiya. Amma a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, da zarar gudu ya kai wajen kilomita 20 a awa, babban abokin kokawar mahayi iska ce. Lissafinta kuwa ba sassauci: in ka ninka gudunka, turin iska ya ninku sau 4, ƙarfin da za ka kashe sau 8. Shi ya sa a 1972 Eddy Merckx, zakaran Beljiyam, ya tafi birnin Meziko, inda tsayin ƙasa ya sa iska ta yi shara-shara, ya ci kilomita 49 da ƴan kai cikin awa guda. Shi gudun iska ya yi. Mu kuwa, wanda ya taɓa dosar Badagishiri daga Illela da safiyar hunturu, iskar gabas na dukan ƙirjinsa, ba ya bukatar a karanta masa lissafi.

Shawarwari sun zo, don a garinmu ba a rasa su. Wani ya ce a matse birki. Nauyin birki nauyin ƙarya ne: yana kamawa yana saki, ya cinye roba, ya zafafa ƙarfen taya. Wani ya ce a rage iskar taya. Wannan kashe taya ne kurum. Aka kawo maganar dinamon fitila, alhali abin da yake bayarwa wat 3 ne, ƙafa ba ta ma san da shi ba. Mai keken giya yana da sauƙi, sai ya ɗora sarƙa bisa babban faranti a gaba, ƙarami a baya, ya matse gangaren sosai don kada taya ta riƙa zamewa. Keken Sin irin nawa giyarsa ɗaya ce tal.

Magirkan kanti da maganaɗisu ko da mai mai kauri suke riƙe taya, wasu da fanka. Na ƙarshen nan ne ya fi burge ni, domin ashe mun daɗe da shi. Maƙeranmu da yawa sun ajiye zuga-zugin fata, suna hura wuta da tayar keke mai juya ƴar fanka cikin gwangwani. Ka tambayi yaron maƙera: in ya juya a hankali ba ya jin komai, in maigida ya ce ƙara wuta, nan damtse ke gaya masa. Dokar hanya ce sak, an kulle ta cikin gwangwani.

Mai walda ya liƙa fukafukai a bakin gangaren, ya ƙara guntun ƙarfe mai nauyi don taya ta riƙa ɗaukar kanta tsakanin taki da taki. Yanzu minti 10 sun isa riga ta jiƙe. Mun karkata bakin fankar wajen fuskata, abin da ba a rainawa a bazarar da zafi ke wuce digiri 40. Ƙara kam tana da ita: maƙwabciyarmu ta aiko yarinya da kwanon gero, ta ɗauka mun sayi injin niƙa.