Ba Kowace Zubar Ganye Ce Nuna Ba

Ɗana, na ji kana cewa gyaɗarka ta nuna tunda ganye ya fara kakkaɓewa. Dakata da fartanyar nan. Tsugunna ka juya ganyen da ke ƙasa-ƙasa. In ka ga ɗigo ruwan ƙasa da zoben rawaya kewaye da shi, ko baƙaƙen tabo a bayan ganye, to ciwo ne ya zubar da shi.

Fumfuna ce. Tana kwana a tarkacen bara da cikin gyauro, ruwan sama ya fantsamo ta kan ganye, iska ta kai wa maƙwabta. In laima ta haɗu da ɗumi, kamar a Agusta, sai ta tsiro ta shige ta ƙananan ƙofofin da ganye ke numfashi. Kafin tabo ya bayyana ta yi kwana goma ko fiye tana ci. Ganye kuwa shi ke dafa wa ƙwaya abinci. In ya zube da wuri, sai ka tashi da ɓawo babu nauyi, harawar da za ka sayar da rani ma ta zama tsinke. Shekarar da ciwon ya yi tsanani, rabin amfani kan tafi.

Wata 'yar'uwarta, Cercospora beticola, ita ke wahalar da masu noman bit, tushen nan da ake tatsar sukari daga cikinsa a Faransa, Jamus, Masar da Amurka. Tana fitar da dafin da sai hasken rana ya taɓa shi yake ƙona ganye. Shukar ta yi ta fid da sabon ganye, tana cinye sukarin da ta tara, alhali kamfani yawan sukarin yake dubawa wajen biya. Da manoman suka nace wa magani iri ɗaya, fumfunar ta saba da shi. Mutane masu injina da kuɗi ke nan, balle kai.

Don haka kada ka maimaita gyaɗa a gona ɗaya. Sa gero ko dawa su ratsa tsakani. Tuge gyauro, ka yi shuka da ruwan farko. Tambayi malamin gona cikin irin SAMNUT na cibiyar binciken noma ta Samaru wanne ya dace da ƙasarku. In za ka yi feshi, fara da ganin tabon farko, kuma ka riƙa sauya magani.

Batun nuna kuwa, tuge gindi biyu ko uku daga wurare daban-daban ka ɓare. In cikin ɓawon ya yi duhu, ƙwaya ta cika shi, kira masu cira. In fari ne fat, ƙara mata kwanaki.