Zuwa Azbin Neman Ragon Dutse

Duk wanda ya tashi a Tsibiri ya san yadda rani yake shigowa da kiɗan farauta. Da an kai hatsi rumbu, sai ganga ta fara tashi, samari su fito da gora da barandami da karnuka, a nausa dajin da ke tsakaninmu da Maradun. A dawo da zomo, da gafiya, da zabin daji, wata rana har da gada. Yau wannan daji ba mai shigarsa sai wanda ya shirya gamuwa da 'yan bindiga, kuma ko babu su, naman ya daɗe da yin ƙaranci. Kawuna tsohon maharbi ne, a bakinsa na fara jin labarin ragon dutse. Bai taɓa ganinsa da rai ba, ƙahonsa kawai ya gani a hannun Buzaye fatake, amma yakan ce maharbin da bai hau dutsen Azbin ba bai gama sanin dawa ba. Wannan magana ce ta tashe ni, cikin hunturu, tun kafin a rufe boda a 2023.

Na fita da sassafe ta Talata Mafara, ruwan madatsar Bakolori na bin magudanai zuwa gonakin albasa da shinkafa. Daga nan Sakkwato, Illela, Birnin Ƙonni, Tawa, Abalak. Daga Tawa zuwa Agadas kimanin kilomita 400 ne, kwalta duk ta farfashe, mota na yi tana sauka gefe tana bin rairayi. Da yamma liƙis hasumiyar babban masallacin Agadas ta bayyana, ginin laka mai tsawon mita 27 wanda aka fara ɗorawa tun wajen 1515. Hausa ake yi a kasuwa da tasha, don haka ban yi baƙunta ba.

Mai masaukina ɗan kasuwa ne Basakkwace da ya daɗe a garin. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya ce, "Malam, dutse ba ya cin mutum, jagora ne ke cinsa. Kada ka yi gaggawa."

Tun kafin gari ya waye labarina ya zaga. Wani saurayi ya zo da Toyota mai sheƙi, rawaninsa sabo fil. Bai ko gama gaisuwa ba ya zaro waya yana nuna mini hotuna: ga rago kwance jina-jina, ga wasu baƙi sun dafa ƙahonsa suna murmushi, ga barewa an jera a bayan mota. Ya ce in dai na biya, ya yi mini alkawarin ba zan dawo hannu rabbana ba. Bindiga tasa, fitila tasa, dare ɗaya ya isa. Na tambaye shi takardar izini. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai kuɗi su ne takarda." Na tambaye shi sunan rijiyoyin da za mu bi, sai ya kama kame-kame. Nan na sallame shi. Mutumin da zai dalle wa dabba fitila a ido cikin dare ya harbe ta daga kan mota ba maharbi ba ne, ko a Tsibiri ba za a ba shi wurin zama cikin mafarauta ba. Kuma wanda ya raina dokar ƙasarsa saboda kuɗina, ranar da jandarma suka tare mu zai raina amanata.

Jagora na biyun kuwa, mai masaukina ne ya kai ni wurinsa da kansa, ya ce ya san shi, ya san 'ya'yansa, ya san mutanen da ya kai dutse ya dawo da su lafiya. Dattijon Buzu ne siriri, mutumin Timiya, yana zaune a kan tabarma yana hura gawayin shayi. Sai da muka sha na fari, mai ɗaci, sannan ya dube ni.

"Ɗana, harbi ka zo yi ko gani?"

Na ce, "Baba, jikan maharba ne ni, amma abin da ka ce shi za a yi."

Ya ce to in harbi ne in koma gida. Yawancin inda ragon ya rage yana cikin gandun Azbin da Tenere, wanda gwamnatin Nijar ta killace a 1988, kuma farauta haramun ce a cikinsa. In gani ne, zai kai ni inda suke kiwo, amma ba zai rantse mini cewa za mu gan su ba, domin ba shi ya ɗaure su ba. Sannan ya shiga yi mini tambayoyi: ina da ciwon ƙirji? Na saba tafiyar ƙasa? Wane takalmi na kawo? Daga nan ya warware mini kuɗin dalla-dalla a sefa, na mai, na ruwa, na abinci, na direba, na raƙumin da zai ɗauki kaya inda mota ta gaza. Ya nuna mini tayoyin safaya biyu da wayar Thuraya, ya ce kafin mu fita sai mun rubuta sunayenmu da hanyarmu a wurin hukuma. Rabin kuɗi yanzu, rabi in mun dawo. Ban nemi ragi ba.

Daga Agadas zuwa Timiya ya haura kilomita 200, hanya duk duwatsu da ƙoramu busassu. Timiya kuwa abin mamaki ce, lambunan lemo da rumman da dabino a tsakiyar baƙaƙen duwatsu. Daga can muka ci gaba da ƙafa. A hanya dattijon ya ba ni labarin jimina, yadda take yawo garke-garke a ƙuruciyarsa, da yadda motoci da bindigogin zamani suka ƙarar da ita a shekarun tawaye na 1990. Gandun nan, mai faɗin hekta miliyan 7.7, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan haka ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari.

Aikin dattijon na gani da idona. Yakan tsuguna ya ɗauki kashin dabba ya murza, ya ce wannan na akuyar gida ne, wancan na rago, kuma na jiya ne. Ya ciro wani dogon gashi ja-ja daga jikin ƙaya ya miƙo mini. Ya watsa ƙura sama don ya ga inda iska ta nufa, sannan ya zagaya da mu ta bayan tsauni. Da asuba, sanyi na ratsa ƙashi, muka laɓe bayan wani falalen dutse. Ya taɓa gwiwata, ya yi nuni da haɓa. Na duba har idona ya yi ruwa, ban ga komai ba sai duwatsu. Can sai dutse ɗaya ya juya kai. Namiji ne, launinsa launin ƙasar wurin sak, ƙahoninsa sun lanƙwasa baya kamar lauje, geza ta zubo daga maƙogwaro zuwa ƙirji har ƙafafun gaba. Dabararsa ke nan, in ya ji motsi sai ya ƙame, shi ya sa mai ido ke wuce shi. Ƙasa da shi mata biyu da ɗan ƙarami suna tsinkar ganye. Ragon dutse yakan daɗe bai sha ruwa ba, raɓa da ɗanyen ganye sun ishe shi. Iska na juyawa suka haye wani gangare da ko akuya sai ta yi shawara, tsakuwa na gangarowa a bayansu.

Wani abin takaici shi ne, dabbar nan ta fi walwala a ƙasar baƙi. A shekarun 1950 aka sake ta a Texas ta Amurka, ta hayayyafa har ta zama dubbai, tana takura wa tumakin dutse na asalin wurin. Can kamfanoni ne ke kai mafarauta, ana biyan dubban daloli, kuma mai hankali a cikinsu kafin ya biya yakan tambayi lasisi, da faɗin filin, da ko dabbar a sake take ko cikin shinge, ya kuma nemi waɗanda aka taɓa kaiwa ya ji ta bakinsu. A gidanta na gado kuwa, duwatsun Sahara irin su Azbin da Termit, tana cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Can harbinta gyara ne, nan ɓarna ce.

Da muka dawo Agadas na cika wa dattijon kuɗinsa, ya ƙara mini da guzurin cuku da dabino. Ga 'yan'uwana mafarauta na Tsibiri da Bakura da Maradun da ke sha'awar wannan tafiya: ku nemi jagora ta hannun mai masaukin da zai tsaya masa, ku ji kuɗi dalla-dalla, ku tabbata hukuma ta san da fitarku. Wanda duk ya ba ku tabbacin harbin ragon dutse a Azbin, kada ku ba shi ko dala.